Tarihin Tinariwen, makaɗan gita na hamada

Yau tarihin waɗansu makaɗa za mu ba ku. Sunan ƙungiyarsu Tinariwen. Wanda ya taɓa zama Agadas, ko Arlit, ko Abalak, ko ya shiga motar da ke zuwa can, ya ji irin kiɗansu ko da bai san sunansu ba. Gita biyu ko uku ne, da tafi, da mutum ɗaya mai bayarwa, saura suna amshi. Yau ana jin wannan kiɗi a wurin biki da wurin suna, ana rawa ana shewa. Amma ba don biki aka fara shi ba. Ku saurara ku ji inda ya fito.

Kun san Tenere, wannan babban fili na rairayi da ke gabas da Agadas. A harshen Tamashek, tenere shi ne jeji wanda babu kowa, babu rijiya, babu inuwa. In sun yi yawa sai a ce tinariwen. Watau sunan ƙungiyar yana nufin hamadu. Mu Hausawa mukan ce da dukan masu wannan harshe Abzinawa. Amma ku sani waɗannan makaɗa ba mutanen Abzin ba ne. Asalinsu duwatsun Adrar ne, a arewacin Mali, wajen Kidal da Tesalit, kusa da iyakar Aljeriya.

Mali ta sami mulkin kai cikin shekara ta 1960, shekara ɗaya da mu. Modibo Keita ne shugaba. Sabuwar gwamnati tana Bamako, nesa ƙwarai da Kidal. Ma'aikatan da aka aika arewa mutanen kudu ne, ba su jin harshen makiyaya, makiyaya kuma ba su jin nasu. Ga haraji a kan dabbobi, ga sababbin iyakoki da suka yanke hanyoyin kiwo da na fatauci. Cikin 1963 waɗansu mutanen Adrar suka yi tawaye. Sojoji suka murƙushe shi da ƙarfi. Aka kashe mutane, aka karkashe raƙuma da shanu, mutane da yawa suka tsere Aljeriya.

Cikin waɗanda sojoji suka kashe har da mahaifin wani yaro da ake kira Ibrahim ag Alhabib. Kalmar ag a harshensu ita ce ɗan, kamar yadda muke cewa wane ɗan wane. Yaron bai wuce shekara huɗu ba a lokacin. Danginsa suka ɗauke shi suka ƙetare iyaka. A kudancin Aljeriya ya girma, cikin zangon ƴan gudun hijira da bayan garin Tamanrasat. Wata rana ya ga wani silima na kaboyi, ya ga mutum yana kaɗa gita. Abin ya shiga ransa. Ba shi da kuɗin saya, ba ma inda ake sayarwa. Sai ya samo gwangwani, da sanda, da wayar birkin keke, ya haɗa nasa. Da wannan ya koya wa kansa. Daga baya, da ya zama babba, ya yi waƙa a kan wannan shekara ta 1963, wadda har yanzu mutanen Kidal ba su manta da ita ba.

Bayan yaƙi sai fari. Tsofaffinmu suna tune da 1973 da 1974, da kuma 1984 da 1985. Manomi in damina ta ƙi, gonarsa tana nan, baɗi ya sake shuka. Makiyayi in garkensa ya mutu, shi ke nan, ba shi da komi. Samarin Abzinawa na Mali da na Nijar dubu dubai suka bar jeji, suka nufi Aljeriya da Libiya neman aiki. Ba su da takardu. Yau su yi lebura a wurin gini, gobe su yi gadi, jibi ƴan sanda su kore su. Aka ba su suna ishumar, daga kalmar Faransanci shomer, watau marar aikin yi. Da farko sunan zagi ne. Daga baya suka karɓe shi suka mai da shi nasu.

Cikin waɗannan samari ne, a garin Tamanrasat, wajen 1979, Ibrahim ya gamu da Alhasan ag Tuhami, da Inteyeden ag Ablil da ɗan'uwansa Liya. A lokacin ne ya sami gita na sosai. Suka riƙa zama da dare, ana dafa shayi, suna kiɗa. Aka fara kiransu wurin biki. Mutane suka riƙa ce musu Kel Tinariwen, watau mutanen hamadu.

A nan sai mu ɗan tsaya, don ku gane abin da yake sabo cikin al'amarinsu. Abzinawa suna da kiɗansu tun kaka da kakanni. Akwai tende. Turmi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure da taɓare biyu, a jiƙa fatar da ruwa. Mata ke kaɗa shi suna waƙa da tafi, maza kuwa suna kewaya su a kan raƙuma. Akwai imzad, mai kama da goge, ƙwarya ce da tsirkiya ɗaya ta gashin doki. Shi ma mata ne ke kaɗa shi. Akwai kuma tehardent, ɗan'uwan molo, wanda maroƙa ke riƙewa. Kun ga kowane abin kiɗa yana da masu shi. Kamar dai a ƙasar Hausa ne, inda kiɗa gado ne, ɗan sarki ba ya ɗaukar kalangu. Saurayi ɗan manyan gida ba zai taɓa molon maroƙa ba, kuma ba zai zauna kan turmin mata ba.

To, gita baƙo ne. Ba gadon kowa ba ne, don haka ba kunya ga wanda ya ɗauke shi. Ɗan sarki ya kaɗa, ɗan maƙeri ya kaɗa. A ganinmu wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya bazu cikin samari da sauri haka. Kuma wanda ya kaɗa shi ba roƙo yake yi ba. Ba ya wasa wani mai kuɗi don a ba shi riga ko raƙumi. Abin da ke cikin ransa yake faɗi.

Ga yadda suke kaɗa shi. Babban yatsa yana bugun tsirkiyar sama, ba ya tsayawa, kamar yadda tende ke tafiya. Sauran yatsu suna bin muryar mai waƙa a tsirkiyoyin ƙasa. Ba su yawan sauye-sauye irin na Turawa. Sukan tsaya kan amo guda har waƙa ta ƙare, sai dai ta yi ta juyawa tana komowa. Masu saurare da yawa sun ce tafiyar kiɗan kamar tafiyar raƙumi ce, kuma in kun kasa kunne za ku ji gaskiyarsu. Bayarwa da amshi da tafi kuwa daga wurin matan tende suka ɗauko su. A gefe guda kuma samarin suna jin kaset na waje. Suna jin Nass El Ghiwane na Maroko, masu waƙar kukan talaka. Suna jin makaɗan Aljeriya. Suna jin Bob Marley, da Jimi Hendrix, da Santana, da Dire Straits. Daga wurin waɗannan suka ga abin da gita mai wutar lantarki ke iya yi. Watau dai waƙar gargajiya ce aka ɗora wa kayan kiɗan rok na zamani. Su da kansu suna kiran kiɗan nasu asuf. Asuf shi ne kewa, begen gida, wannan abin da ke kama mutum in dare ya yi a ƙasar da ba tasa ba.

Cikin 1980 shugaban Libiya, Kanar Gaddafi, ya yi kira ga samarin Abzinawa su zo ƙasarsa a ba su horon soja. Da yawa suka amsa, har da Ibrahim da abokansa. Samarin suna da nasu nufi, su koyi bindiga su koma gida. Gaddafi shi ma yana da nasa. Waɗansu daga cikin waɗanda aka horar, Labanan aka kai su, waɗansu Cadi, suka yi yaƙin da ba nasu ba. Cikin 1985 aka sake yin wani kira, makaɗan suka koma wani sansani kusa da Tarabulus. A can ƙungiyar ta ƙaru. Aka sami Kedu ag Osad, da Muhammad ag Itlal wanda ake yi wa laƙabi da Japone, da wani yaro mai suna Abdalla ag Alhuseini, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyanta.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi komi muhimmanci cikin tarihin nan, watau kaset. Ku tuna halin da mutanen suke ciki. Uwa tana Kidal, ɗa yana Sabha, ƙane yana Tamanrasat, wani yana Arlit ko Yamai. Babu wayar hannu a wancan zamani. Babu jarida cikin harshensu. Yawancinsu ba su shiga lakkwal ba. Suna da rubutunsu na gargajiya, tifinag, amma ba a buga labarai da shi. Rediyon gwamnati kuwa ba zai faɗi abin da ke damunsu ba. To, ta yaya za su ji labarin juna?

Makaɗan Tinariwen suka ce duk wanda ya kawo kaset marar komi a ciki, za su cika masa shi da waƙa, kyauta. Mutum ya kawo, a ajiye rakoda a tsakiya, a kaɗa, ya ɗauka ya tafi. Ya kai wani gari, wani ya ara ya kwafa. Direban babbar mota ya ɗauka, mai raƙumi ya ɗauka. Kafin wata kaɗan waƙar da aka yi a Libiya ta isa Gawo da Agadas, muryar ta dushe don yawan kwafi, amma ana jin maganar. Kaset ɗin nan shi ne wasiƙarsu, shi ne jaridarsu. Waƙoƙin suna maganar rijiyoyin da suka ƙafe, da ƴan'uwan da aka rabu da su, da wulaƙancin zama a ƙasar wani. Suna yi wa mutanensu faɗa a kan rarrabuwa da gābar ƙabila da zama cikin jahilci. Waɗansu kuwa, ba ɓoye-ɓoye, kiran tawaye ne. Saboda haka a Mali wanda aka kama da irin wannan kaset yakan shiga wahala da hukuma. Mutane da yawa sun haddace waƙoƙin shekara da shekaru ba su taɓa ganin fuskar masu su ba, ba su ma san ko su nawa ne ba.

Cikin 1989 suka bar Libiya, Ibrahim ya koma Tesalit bayan shekara 26. Shekarar da ta biyo wuta ta kama. A ƙasarmu kun san abin da ya faru a Cintabaradan cikin watan Mayu 1990, inda aka yi hasarar rayuka da yawa. A Mali kuwa cikin watan Yuni aka kai hari Menaka, tawaye ya tashi ƙarƙashin Iyad ag Gali. Ku riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi. Waɗansu daga cikin makaɗan sun ɗauki bindiga sun shiga. Ana ba da labarin cewa Kedu yakan shiga fagen fama da bindiga a hannu, gita a baya. Turawa ƴan jarida sun so wannan labari ƙwarai, sun yi ta maimaita shi har ya rufe sauran. Amma yaƙin da makaɗan suka yi na ƴan watanni ne. Kiɗan kuwa sun yi shi fiye da shekara 40.

Cikin Janairu 1991 aka sa hannu kan yarjejeniya a Tamanrasat, aka ƙara wata a Bamako cikin Afrilu 1992. Makaɗan suka ajiye makamai. Waɗansu suka tafi Abijan suka ɗauki kaset a ɗakin ɗaukar murya na sosai. Amma shekarun nan sun yi musu wuya. Suka warwatse, kowa yana neman abin da zai ci. Inteyeden, wanda aka fara da shi, ya rasu cikin 1994. Ranar 27 ga Maris 1996 aka tara bindigogi aka ƙone a Tumbutu don shaida zaman lafiya. Mu ma a nan an yi sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, an kuma ƙone makamai a Agadas cikin Satumba 2000.

Fitarsu duniya ta zo ne ta hanyar da ba su zata ba. Cikin 1998 waɗansu makaɗan Faransa da ake kira Lo'Jo suka zo wasa Bamako, suka gamu da waɗansu daga cikinsu. Suka gayyace su Faransa cikin 1999. Daga nan aka yi shawarar a shirya babban taron kiɗa a cikin jeji. Aka yi na farko cikin Janairu 2001 a Tin Esako, gabas da Kidal. A wannan lokaci ne kuma wani Bature ɗan Ingila, Justin Adams, da wani Bafaranshe suka ɗauki muryarsu a ɗan gidan rediyon Kidal, Rediyo Tisdas. Wuta ba ta samuwa sai ƴan awoyi da dare, don haka in ta zo sai a yi sauri. Wannan shi ne faifansu na farko da aka sayar a ƙasashen waje, cikin 2001. Daga 2003 taron jejin ya koma Esakan, yamma da Tumbutu. A can Ali Farka Ture ya yi wasa, da Robert Plant na ƙungiyar Led Zeppelin.

Da Turawa suka ji kiɗan sai suka ce ai wannan bulus ne, kiɗan baƙaƙen Amurka. Suka sa masa suna bulus na hamada. Su makaɗan sun ce ba su san bulus na Amurka ba sai da suka fara yawon duniya. In akwai kama, to, ba abin mamaki ba ne, tun da kakannin baƙaƙen Amurka da yawa daga yammacin Afirka aka kwashe su.

Sauran labarin nasara ba sai mun daɗe a kansa ba. Faifai ya bi faifai: Amassakoul cikin 2004, Aman Iman cikin 2007, ma'anarsa ruwa shi ne rai, sai Imidiwan cikin 2009, watau abokai. Samari suka shigo ƙungiyar, irin su Iyadu ag Leshe da Sa'id ag Ayad, waɗanda suna yara suka tashi da jin kaset ɗin. Cikin 2007 suka buɗe wa Rolling Stones wasa a ƙasar Ailan. Cikin 2010 suka yi wasa a Soweto wajen bikin buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya. Faifan Tassili, wanda suka ɗauka cikin tanti a duwatsun Janet na Aljeriya, ya ci kyautar Grammy a Amurka cikin Fabrairu 2012. Abin da za mu lura da shi ɗaya ne. Mutanen da ke cika dandali a Paris da Landan ba su jin Tamashek. Suna ganin rawani da manyan riguna, suna jin daɗin gita, suna rawa. Waƙar da aka yi don uwa ta ji halin ɗanta, yanzu ana yin ta gaban mutum dubu waɗanda ba su san abin da take cewa ba. Makaɗan ba su juya ta zuwa Faransanci ko Turanci don a saya ba. Mu dai muna ganin sun kyauta.

Ana ba su kyautar nan a Amurka, gida kuwa ya sake kamawa da wuta. Tun ranar 17 ga Janairu 2012 sabon tawaye ya tashi a arewacin Mali. Cikin Maris sojoji suka kifar da gwamnati a Bamako. Kafin wata uku ko huɗu ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da sunan addini suka kori ƴan tawayen, suka riƙe Kidal da Gawo da Tumbutu. Shugaban ɗaya daga cikinsu, Ansar Din, shi ne Iyad ag Gali, wanda ya san makaɗan tun zaman Libiya, wanda kuma a da waƙoƙinsu suka tara masa mayaƙa. Aka hana kiɗa. Aka ƙone kayan kiɗa, aka hana gidajen rediyo sa waƙa. Cikin Janairu 2013 aka kama ɗaya daga cikin makaɗan, Abdalla ag Lamida, sa'ad da ya je ceton gitocinsa. Bayan ƴan makonni aka sake shi. Taron kiɗa na jeji kuwa, tun na Janairu 2012 ba a sake yinsa a Tumbutu ba.

Haka ƙungiyar da aka haifa cikin gudun hijira ta sake komawa cikinsa. Faifan Emmaar na 2014, a wani jeji na Kalifoniya a Amurka aka ɗauke shi. Elwan na 2017, ma'anarsa giwaye, yana maganar manya da ke faɗa suna tattake ƙanana. Amadjar na 2019 an ɗauke shi cikin tanti kusa da Nuwakshot, tare da mawaƙiyar Muritaniya Nura Mint Seimali. Japone ya rasu cikin 2021. Cikin 2023 suka fito da Amatssou, inda makaɗan karkarar Amurka suka sa musu hannu.

A ƙasarmu ma irin ya tsiro. Abdalla ag Umbadugu na ƙasar Agadas, wanda ya rasu cikin 2020, shi ne ya fara yaɗa wannan kiɗi a Nijar da ƙungiyarsa Takrist n'Akal, shi ma ta hanyar kaset. Bayansa aka sami Bambino na Agadas. Aka sami ƴan matan Ilighadad na ƙasar Abalak, waɗanda suka haɗa tende da gita, suka nuna mace ma tana iya riƙe shi. Aka sami Mdu Muktar, shi ma na jihar Tawa. Kamar Ibrahim, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta fari. Waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke su cikin 2008, da irin gyaran murya na mawaƙan finafinan Hausa. Lokacin kaset ya riga ya wuce. Cikin katin wayar hannu waƙoƙin suka riƙa tafiya, wannan ya tura wa wancan, har suka isa Kidal, inda wani ɗan Amurka mai tattara waƙoƙi ya ji su, ya yi ta cigiyar mai su har ya same shi.